Harsashi Uku a Kan Alantika

Mun haye Faro da sassafe, mun bar babur a Wangai,
a zauren Hamagabdo, inda hanya ta gaji ta kwanta.
Daga nan sai ƙafa.
Baba Jatau a gaba, bindiga rataye a kafaɗa,
ni a baya da gora biyu, garin rogo, ƙuli-ƙuli,
da takardar ma'aikatan daji naɗe cikin leda,
mai hatimi, mai cewa gwanki ɗaya, namiji, ba ƙari.

Dutsen nan ba gonar kowa ba ne.
Ba shinge, ba mai tambayar wa ya aiko ku.
"Na kowa ne," in ji Baba,
"shi ya sa ba ya jin tausayin kowa."

Ranar farko ba mu ga komai ba sai rema,
suna leƙen mu daga tsaguwar dutse kamar 'yan haya.
Rana ta biyu muka tarar da kashi.
Baba ya durƙusa, ya murje shi a yatsu, ya sansana:
"Na jiya da la'asar. Ɗanyar ciyawa ya ci, akwai ruwa a sama."
Ya kwance ƙullin toka, ya saki kaɗan,
ta nuna mana inda warinmu ke kai tsegumi.
Muka zaga ta hagu, hawan da ya cinye mana yini
da igiyar takalmina.

Daren nan ba mu hura wuta ba.
Sanyi ya shiga haƙorana ya zauna.
Na yi tunanin shagona a Garwa,
da rigunan mutane da na bari ba wuya.

Asuba ta kawo shi.
Tsaye a bakin idon ruwa, ƙaho ya tanƙwara baya,
kunnuwa dogaye suna auna duniya.
Baba ya ɗaga bindiga. Ya daɗe. Ya sauke.
Ya raɗa mini: "Biyu nake gani.
Ban san wanne Allah ya halitta ba,
wanne idona ya ƙara."
Ya miƙo mini.

Bisimillata ta fito a karye.
Ƙarar ta bugi dutse ta dawo mana sau uku,
shi kuwa ya zabura, ya faɗa kurmi.
Na same shi, amma baya da inda ya kamata.

Baba bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Ya dai nuna jini a kan ganye ya ce, "Bashinka ne, bi."
Ɗigo a dutse, ɗigo a ciyawa,
wani wurin ba ɗigo, sai na rarrafa ina nema.
Sai azahar na cim masa a gindin kaɗanya,
yana numfashi kamar zugazugin maƙeri.
Na biyu ya gama abin da na farko ya ɓata.

Sauran duk aiki ne: wuƙa, ƙuda, hayaƙin banda,
kura tana zagaya mu da dare tana lissafi.
Wata tsohuwar kan dutse ta sauko, lofe a baki,
da 'ya'yanta biyu. Ba ma jin yaren juna.
Ta nuna cinya, ta nuna kawunan samarin.
Cinikin ya faɗa.

Kwana biyu muna gangara, nama yana cin wuyana.
A ƙasa ma'aikaci ya duba takarda, ya auna ƙaho,
ya karɓi tsoka ɗaya wai don shaida.

A Wangai Baba ya cire takalmi, ya dubi dutsen,
ko duwatsun, ban san nawa ya gani ba.
Bindigar bai ba ni ba.
Ƙullin tokar ya cusa mini a aljihu.

Harsashi na uku yana cikin akwatin kekena,
tare da allurai da alli.
In na taka keke da ƙarfi, ina jin sa yana gangara.