Sawun Kelepi

Ni masunci ne, karatuna a kan yashi yake.
Na san sawun ƙaguwa,
na san inda kunkurun teku ya ja ciki ya koma ruwa,
amma sawun ɗan cikina ya shige mini duhu wata uku.

Kelepi, shekara goma sha uku,
ya miƙe kamar ayaba bayan ruwan sama,
wandon bara ya tsaya masa a ƙwauri.
Ya dawo daga filin zari-ruga yana ɗingishi:
"Gwiwa ce, Baba."
Muka bi gwiwa da man kwakwa.
Kakarsa Meleane ta murza, ta ɗaure da ganye,
ta ce ciwon girma ne, kowane dogo ya biya wannan haraji.
Ni kuwa, ranar da ya kasa tura kwalekwale, na ce ragwanci.
Kalmar nan har gobe tana maƙale a wuyana kamar ƙayar kifi.

Wata asuba ruwa ya janye,
ina bayansa da raga a kafaɗa.
Sawun dama yana kallon teku.
Na hagu ya karkace waje,
kamar mai son komawa gida,
raminsa bai kai na ɗan'uwansa zurfi ba.
Na ajiye ragar.

A asibitin Neiafu likita ta kwantar da shi,
ta naɗo ƙafar zuwa ƙirji,
cinya ta gudu gefe da kanta.
Ta ce, "Gwiwa 'yar aike ce kawai,
mai saƙon yana kwatangwalo."
Ta ɗaga hoton ƙashi a hasken taga:
can saman cinya, inda girma bai gama ƙanƙara ba,
kan ƙashin ya zame baya
kamar hula a kan mai gyangyaɗi.
"Kada ya ƙara taka ta. Ko taku ɗaya."

Na goya shi, ƙato da shi,
ƙafafunsa na bugun ƙwaurina,
har bakin jirgin Nuku'alofa.
Ƙusa ɗaya suka sa, tsawon yatsana.
Suka ce mu sa ido a kan ɗaya ɓangaren,
shi ma yakan bi sahu.

Yanzu da asuba nakan riga kowa fita.
Sawu ɗaya, ramukan sanda biyu,
sawu ɗaya, ramuka biyu,
har inda kumfa ke shafe rubutu.
Nakan tsuguna in karanta a hankali,
tun da sassafe, kafin ruwa ya dawo.