Daƙiƙa Biyu

Blanka ta shigo da ƙanƙara a kafaɗa,
ko safar hannu ba ta cire ba.
"Drapal, daƙiƙa biyu na zo roƙo.
In na miƙe tsaye, hanci sama, wutsiya ƙasa,
jirgin kan gaji tun ni ban gaji ba.
Ba ni biyu in rataye a can
har alƙalan gasa su manta da biro."

Tsoho bai ce uffan ba.
Ya shafa tsohuwar farfelarta
kamar likita a kan haƙarƙari,
ya ce mini, "Hynek, hura murhu.
Gam ba ya kamu da sanyi."

Haka muka ci hunturun Olomouc,
ni da shi da rediyon da ba ya kama tasha.
Falle kan falle muka jera katako,
mai nauyi a gindi, inda ƙarfe zai cije shi,
mara nauyi can wajen baki.
"Yarinyar nan adungure take a sama," in ji shi,
"farfela kuwa, in tana juyi, ba ta son a juya ta.
Duk giram ɗin da ka bari a tsini
wuyan inji ne zai biya bashinsa."

Na tambaya don me harshen yake a murɗe.
Ya ja ni waje, ya kama hannuna,
ya sa na zagaya shi a guje cikin ƙanƙara
shi yana tsaye yana juyawa a hankali.
"To, wa ya fi haki?
Gindi tafiya yake, tsini gudu.
Mai tafiya ya yi babbar loma,
mai gudu ya ɗan gutsura.
In ba haka ba, ɗaya na ci, ɗaya na shaƙewa."

Mun faɗaɗa harsunan uku da yatsa guda,
don su damƙi iska sa'ad da jirgi ya kusa tsayawa,
su kuma riƙe masa riga in ya sulmiyo.
Tsawo kam ya hana.
Tsinin da ya nemi tsere da sauti, ya ce,
ihu kawai yake saya da mai.

Sati uku ina goga.
Sanfefa ta cinye zanen yatsuna,
wayata ta daina gane ni.

Ranar awo muka rufe ƙofa da taga,
muka ɗora ta a kan sanda, muka riƙe numfashi.
Harshe na biyu ya sunkuya
sannu, kamar mai jin kunya.
Ɗigon fenti ɗaya ga 'yan'uwansa,
sai ta tsaya cak duk inda aka bar ta.

Afrilu. Ciyawar filin jirgi da sauran laima.
Blanka ta tashi, ta kife, ta mirgina,
ta miƙe tamkar an jefa mashi.
Kowa ya ɗaga kai.
Drapal kaɗai ya dubi takalminsa.
Shi da kunne yake kallo, haka aka san shi.

Can ƙoli jirgin ya tsaya.
Ɗaya.
Hayaƙi ya taru a ƙarƙashinsa.
Biyu.
Da ɗan ƙari, wanda ba wanda ya roƙa.
Sannan ya karkata kafaɗa ya zubo.

Aka yi tafi. Tsoho ya ja hannun rigata,
ya matso da baki kusa da kunnena:
"Yaya muryarta? Akwai rawa a ciki?
Tun bara nawa suka rufe, yaro.
Kada ka gaya wa Blanka."

Na rufe ido na saurara.
Akwai wata 'yar kyarma, siririya,
can ƙasan ƙugin,
kamar cokali a gefen kofi.
Na ce, "Harshe na uku. Rabin ɗigo."

Ya laluba aljihu,
ya miƙo mini burushin.