Dankalin Baba a Shagon Caji

Haƙori huɗu ya rage wa Baba,
biyu ma rawa suke, kamar turken da gara ta ci gindinsa.
Tsire ya zama abin kallo,
gurasa sai an jiƙa ta har ta gaji,
koko kuwa, ya ce in ya sake ganin sa
zai bar mana gidan ya tare a gona.

Sai ga saƙo daga Hansatu,
ƙanwata mai girki a gidan wani likita a Tarauni:
kwali ɗaure da igiya,
direban motar Gujungu ya miƙo ta taga.
A ciki, inji fari mai mariƙi irin na dutsen guga,
da ƙafafu biyu na ƙarfe, sirara kamar na zalɓe.
Ta turo murya a waya:
"Dafa dankalin Turawa ya yi luguf,
tsane ruwan, sa man shanu da ɗumin madara,
sai ka kunna. Kada ka daɗe.
Ka ji ni, Yaya? Kada ka daɗe."

Gidanmu fitilar batir ce.
Turakun wuta sun tsaya a bakin titi,
shekara uku ana cewa gobe.
Na naɗe tukunya da tsumma,
na bi ta bayan masallaci tana gasa mini ciki,
har shagon Iro mai caji,
inda rana ke sauka a kan kwano ta fito ta soket.
Ya zare waya uku ya ba ni gurbi,
masu su na aiko mini da harara.

Madanni biyar ne. Na ce mu fara da babba.

Wayyo Malam Mati, da ya leƙo don ya gani!
Dankali a gemu, dankali a hula,
wani ya tashi sama ya manne a kalanda.
Yara suka watse da ihu, suka dawo da yatsa.
Ni ko daɗi ya ɗebe ni,
rurin na bin hannuna har kafaɗa,
na manta Hansatu, na manta gargaɗinta.
Da na ɗaga, abin ya biyo ni
yana naɗewa kamar ƙaro ya ji ruwa.
Iro ya ce in bar masa ya liƙe takalmi.

Inna ba ta tanka ba da na koma.
Ta dubi muciyarta a jingine,
ta dube ni,
ta ci gaba da tsintar wake.
Da ma zagi ta yi.

Washegari, da kuɗin da na ware na faci,
na sake auno rabin kwano.
Na fere, na dafa, na tsane har tururi ya ɗauke.
Madanni na ɗaya. A hankali.
Na ƙirga ashirin a zuci, na zare waya.
Ya tashi kamar audugar da aka shiɓa,
man shanu na kwance a tsakiya yana narkewa.
Malam Mati ya yaba daga can nesa, bayan benci.

Baba ya kai loma, ya lumshe ido.
Muƙamuƙi ya yi ta neman abin taunawa, bai samu ba,
ya haƙura ya haɗiye.
Ya ƙara. Ya ƙara.
"Mene ne sunansa?"
Na ce ban tambaya ba.
Ya ce, "To, ko ɗan wane ne, maraya ne.
Tuwo ba miya?"

Inna ta miƙe ba ta ce uffan ba,
ta ɗumamo sauran kukar jiya,
ta zuba masa a gefe, da ɗan yaji a kai.
Ya sharce kwano da yatsa biyu,
ya ce a ce wa Hansatu Allah ya yi albarka.

Da asuba na fito alwala,
na ga ƙafafun zalɓen nan an wanke su tas,
an soke a jikin zana,
kusa da maburgi.