Kwandon Bana Kangwa

Kwana uku da ruwan fari a Mporokoso,
Bana Kangwa ta ja jikarta Bupe
neman naman kaza.

"Ga kabansa, ruwan goro, a gindin mutondo.
Karya shi, nono zai tsattsafo.
Tente fari ne, tsakar kansa da duhu,
daga ƙwai yake fasowa kamar ɗan tsako.
Yana da sojan gona, ki kula,
kama da wane ba ta wane.
Wanda ba ki san sunansa ba,
bar wa kwaɗi laimarsu."

A jikin suri suka iske cikolowa,
ya fi faifai faɗi.
Yayyafi ya sauko.
Bupe ta kifa shi a ka, ta ruga,
tsohuwa na baya tana faɗa:
"Miyar dare ce fa a kanki!"