Littafin Shiga da Fita

Ran Lahadi na sauka Gujungu
da rasit da biro a jaka.
Alhaji Tsoho mai riɗi ya ce,
"Ki dawo in kaka ta yi."
Bara ma haka ya faɗa.
Na sa shi a shafin alkawari,
shafin da ya fi kowanne cika.

Tasalla mai ƙosai ba ta yi dogon zance ba,
ta kwance bakin zane,
ɗari biyu, duk ta sha mai,
ta ce kar in sa sunanta.
Na rubuta: wata.

Da rani 'yan sa-kai sha ɗaya gare ni.
Ruwan shuka na sauka suka koma huɗu,
fartanya ta fi ni murya.
Iliya ya bar mana kekensa.
Barmani na zuwa da goyo
ta dama kunun yara arba'in,
nata sai ƙanzon tukunya.

Mutanen birni adadi suke so.
Na iya lissafi,
amma a wane layi zan sa Ɗanlami,
da aka kawo shi hannu kamar sillen kara,
jiya ya fizge min biro ya ruga,
na bi shi har bakin rijiya
ban kamo shi ba?

Da dare na haska fitilar waya na haɗa:
saura ɗari bakwai da kaza ɗaya.
Gobe akwai kunu.
Jibi, sai na sake ɗaura takalmi.