Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Furofesa ya miƙo mini takarda mai tambaya ashirin,
ya ce, shiga gari, Tsahara, ki auno mana
ko arzikin ƙarƙashin ƙasa na kai yaro aji,
ko yana sa mai mulki ya karkato kunne.
Na hau kabu-kabu, na sauka Bagalam
da bik biyu da sabon kaye.

A ƙofa ta tara na iske Nomau,
tsohon mai awon gujiya,
yana ɗinke bakin buhun da ba nasa ba.
Na karanta masa ta goma sha bakwai:
Shin gwamnati na jin maganarka?
Ƙwarai, kaɗan, ko kuwa sam?
Zaɓi guda, Baba.

Ya zare basilla daga bakinsa.
Ya ce, sa'ad da gujiya ke sarauta a Maraɗi
gwamnati ta san sunana har da na kakana.
Ta zo karɓar lanho, na shige rumbu,
ta zauna a dokin ƙofa tana jirana.
Ba ƙauna ba ce, ɗiyata, buƙata ce,
amma mai cin tuwonka
dole ya san ranar da ka tashi da fushi.
Yanzu saniyarta na can ƙarƙashin rairayi,
ba ta cin harawa, ba ta kuka.
Mai tatsa a can, me zai zo nema wurina?
Sai dai shekarar tawada a yatsa,
turmin atamfa da sabulu uku.

Na duba takarda, babu gurbin wannan.
Na sa masa "kaɗan".

Washegari na tsallaka gulbi zuwa wata lakwal.
Ajin zana ne, rana na shigowa layi-layi.
Malama Balki ta buɗe mini rajista:
tamanin da ɗaya a rubuce,
hamsin da shida a kan tabarma.
Sauran fa?
Ta nuna kudu da alli.
Zinariya, wajen Ɗan Isa.
Har Sabi'u, wanda ke riga ta gama lissafi,
yanzu kuɗin giram yake bugawa a ka
da fitila ɗaure a goshi.

Muna nan tankokin mai suka fito daga gabas,
zanar ta kama rawa.
Ta ce, ku ƙirga!
Bakwai!
Bakwai sau lita dubu talatin?
Suka duƙa kan alluna.
Wata 'yar ƙarama mai wushirya ta ɗaga hannu:
Malama, a ciki nawa ne namu?
Balki ta kakkaɓe farin alli daga zaninta,
ta ce, rabawa sai aji na gaba.

Da dare na ɗura amsoshi ɗari uku cikin na'ura.
Layi ya fito, ya gangara
daidai yadda littattafan Furofesa suka faɗa.
Zai ji daɗi.
Nomau ya zama ɗigo na tara,
can ƙasa, wajen hagu.
Yarinyar ba ta fito ba,
ba ta kai shekarun da ake tambaya ba.

Sai aka ɗauke wuta.
Na laluba kaye a duhu,
na rubuta tambayarta a bayan bango,
na sa mata lamba ashirin da ɗaya.
Ban san wace ƙofa zan kai ta ba.