Yatsa Biyu

Iskar farkon damina ta ɗage kwano a kasuwar Jega,
ta dasa tsaginsa a wuyan Labbo kafinta,
ƙasan muƙamuƙi, ta hagu.
A kan ƙyauren shago aka kawo mana shi.

Ƙanensa ya kai hannu zai zare ƙarfen.
Na buge hannun.
Wannan shi ne marfin tulun, yaro,
in ka cire, ƙasa za ta shanye yayanka.

Jinin ba mai rarrafe ba ne,
ja wur, yana tsartuwa duk bugun zuciya.
Na kai yatsa biyu gefen ƙarfen, na danna,
jijiyar na mutsu-mutsu kamar tarwaɗa a hannun masunci.
Wuya ba ƙafa ba ne balle a ɗaure shi tamau.
Kai ne igiyar.

Motar asibiti ba mai.
Ta albasa muka samu,
ni durƙushe tsakanin buhuna,
ina ƙirga numfashinsa, ina tsine wa ramuka.
"Labbo, matsa mini hannu."
Ya matsa.
Kafin Birnin Kebbi yatsuna sun mutu,
ban san inda na ƙare ya fara ba.

Dakta Kulu ba ta amsa sallamata ba.
Ta ce, "Kada ka ɗaga sai na ce."
Aka zura masa bututun numfashi,
aka shafe wuyansa da magani har da hannuna,
aka lulluɓe mu da koren ƙyalle ɗaya.
Ta tsaga sama, ta tsaga ƙasa,
ta datse jijiyar gaba da baya
yadda ake tare ruwa a fadamar shinkafa.
"Ɗaga."
Hannun ya ƙi. Sai da aka ɓamɓare shi.

Daga cinyarsa ta yanko jijiya ta yi faci,
da zaren da ya fi gashin jariri siranta.
A waje 'yan kabu-kabu huɗu sun ba da jini,
ɗayansu na bin Labbo kuɗin benci.

Da asuba ya buɗe ido.
Ta ce ya ɗaga hannun dama. Muka yi tsit.
Ya ɗaga.
Muryar ta dishe, amma ya tambayi gudumarsa.

Na koma Jega a motar haya.
Kwana uku ina cin tuwo da cokali,
matata na yi mini dariya.